Daga ragar Bulgeriya zuwa kaɗaicin Badun: muhawarar 'yan zaure kan Rashidi Yekini

Baban Khalifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Magana ce na zo da ita, kuma na san za a yi mini ca. Ni a ganina ƙasar nan ba ta kyauta wa Rashidi Yekini ba. Mutumin da ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, shi ya ci mana ta farko a gasar kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994, shi ne ɗan Najeriya na farko da aka ba gwarzon ɗan wasan Afirka a 1993, a ce ya ƙare shi kaɗai cikin gida a Badun, sai labarin rasuwarsa kawai muka ji a watan Mayun 2012, yana da shekara 48. Ina hukumar ƙwallo take? Ina gwamnati? Ina waɗanda suka buga tare da shi? Mai ja ya ja.

Ɗan Mabera: Wa alaikumus salam. Baban Khalifa da girman kujerarka, mu dai hoto muka tarar, wani ƙato ya shiga raga ya riƙe ta yana ihu. Ɗaya ce fa tak ya ci a kofin duniya. Ahmed Musa huɗu gare shi, biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Aisilan a 2018. Wa ya yi masa wannan kukan?

Kawu Direba: Kai wanga yaro, Ahmed Musa da ranshi da lahiyarshi, kukan mi za a yi mashi? Kuma ka iya bakinka. Ranar da anka yi wasan Bulgeriya ko auren uwarka ba a ɗaura ba. Tsakad dare munka kalle shi, unguwa duk ta taru ga talabijin guda, an hito da ita waje an aza bisa tebur. Da Finidi yab bugo ƙwallo Rashidi yat tura ta raga, wallahi hab Hubbare sai da anka ji ihun mutane. Ba ɗaya ko huɗu aka lissahi ba. Ba mu taɓa zuwa kohin duniya ba sai wagga shekara, kuma ƙahwar Rashidi ta kai mu.

Ɗan Mabera: Tuba nake Kawu. Amma dai ɗaya ɗaya ce.

Malam Lissafi: Bari in sa baki kafin Kawu ya ɗauko bulala. Ɗan Mabera, in da kofin duniya kaɗai za ka auna shi, ka auna shi ne da yamma, rana ta kusa faɗuwa. A 1994 shekararsa 30. Aikinsa yana baya.

A Kaduna aka haife shi a 1963, a can ya tashi, a kulob ɗin masaƙar UNTL ya fara. Daga nan Shooting Stars ta Badun ta ɗauke shi, yana cikin waɗanda suka kai wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka a 1984, Zamalek ta Masar ta doke su. Ya wuce Abiola Babes, sannan Africa Sports ta Abidjan a Kodebuwa. Bai taka Turai ba sai 1990, lokacin ya haura shekara 26, kuma ba wani babban kulob ba ne, Vitória Setúbal ce ta Fotugal. Kulob ɗin ma ya faɗa rukuni na biyu. A kakar 1992/93 ya ci 34 a rukunin, suka hauro. Kakar da ta biyo baya ya ci 21 a babban rukuni, ya fi kowa a ƙasar, alhali ga 'yan gaban Benfica da Porto da Sporting. Ka duba wannan da kyau: ƙaramin kulob da ya hauro jiya, amma ɗan gabansa ne ya ɗauke kyautar.

Mai Gidan Kallo: Malam ka manta kofin Afirka.

Malam Lissafi: Ban manta ba, numfashi nake. A Senegal 1992 shi ya fi kowa ci, ƙwallo 4. A Tunisiya 1994 ya sake, ƙwallo 5: biyu a ragar Gabon, biyu a ragar Zayar, ɗaya a ragar Kodebuwa a wasan kusa da na ƙarshe, kuma shi ya buga fenaritin da ya raba gardama ranar. Wasan ƙarshe da Zambiya ne kawai Amunike ya karɓi fage ya ci biyu. Gaba ɗaya ƙwallonsa 13 a kofin Afirka. A lokacin wanda ya fi kowa a tarihin gasar Laurent Pokou ne na Kodebuwa da 14. Saura ɗaya ya kamo shi, sai Najeriya ta ƙi zuwa gasar 1996 a Afirka ta Kudu saboda tsamin da ya shiga tsakanin gwamnatin Abacha da ta Mandela bayan rataye su Ken Saro-Wiwa. Hukumar ƙwallon Afirka kuma ta hana mu ta 1998. Kafin mu dawo a 2000 zamaninsa ya wuce.

Baban Khalifa: To kun ji. Ko wannan kaɗai bashi ne. Siyasar da ba shi ya haɗa ta ba ita ta cinye masa gasa biyu.

Alhaji na Kara: Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Allah shi jiƙan Rashidi, musulmi na, ɗan'uwanmu na. Amma Baban Khalifa ban yarda da kai ba. Bashin mi? Kyauta yay yi ma ƙasa wasa? Ana biyan su alawus, ana ba su kyauta, kulob na biyan su da kuɗɗin Turai. Shekara nawa yay yi waje? Fotugal, Girka, Sifaniya, Suwizalan, Tunisiya, Saudiyya. Ni da nike saida albasa, in shekara ta yi kyau ban ajiye ba, ta baɗi taz zo da asara, wa zan kama? Malamin makaranta shina shekara 35 da alli ga hannu, shi aje aiki shi zan bin garatuti hat takalminshi su tsinke. Soja shina mutuwa cikin daji. Su wa ka yi masu kuka cikin zaure? Sai ɗan ƙwallo don mun gane shi ga talabijin?

Malam Lissafi: Alhaji ka taɓo mini inda ke ciwo, amma bari in danne.

Baban Khalifa: Ranka ya daɗe Alhaji, ba a ce malami ba shi da haƙƙi ba. Zaluntar wani ba ta halatta zaluntar wani. Kuma akwai alkawari a tsakani. Da suka ciwo kofin 1994 gwamnati ta yi musu alkawarin gidaje. Sai a 2021 Shugaba Buhari ya amince a cika wa waɗanda ba su samu ba. Shekara 27! Kafin nan Uche Okafor ya rasu a 2011, Yekini a 2012, Thompson Oliha a 2013, Wilfred Agbonavbare a 2015, kyaftin ɗinsu Stephen Keshi a 2016. Wannan ba roƙo ba ne, alkawari ne, kuma alkawari kaya ne.

Alhaji na Kara: Alkawari kam a cika shi, ban ja ba. Abin da nika ja shi na a ce duk wanda yat tsuhwa ba shi da komi laihin ƙasa na. Da yawansu cin duniya sunka yi da tsinke. Mota, mata, abokan banza.

Mai Gidan Kallo: Alhaji akwai irin waɗannan, amma kar ka haɗa su a buhu ɗaya. Ɗauki Agbonavbare da aka ambata. Gola ne na Rayo Vallecano a Sifaniya, yana cikin tawagar 1994. Da ya bar wasa ya zauna a can, matarsa ta kamu da kansa, abin da ya tara ya tafi a jinyarta, ta rasu. Ya koma ɗaukar kaya a filin jirgin saman Madrid. Daga baya shi ma kansar ta kama shi. Ina mota, ina abokan banza a nan? Shi kuma Yekini duk wanda ya san shi abin da yake faɗi ɗaya ne: ba mai hayaniya ba ne, ba mai shiga taro ba ne, hannunsa a buɗe yake ga mabuƙata. Gidansa na kansa yake zaune a Badun. Ba bara ya yi ba.

Alhaji na Kara: To in shina da gidanshi bai yi bara ba, mi Baban Khalifa ka nema ma shi?

Ɗan Mabera: Alhaji ya zura ɗaya. Baban Khalifa a farke.

Anti Nas: Sannunku da hira. Ni ba ma'abociyar ƙwallo ba ce, maigida ne ya sa ni a zauren nan don in daina tambayarsa me ya hana shi barci. Amma tambayar Alhaji a bakin aikina take.

Ku duka biyun kuɗi kuke kallo. Baban Khalifa na cewa ba a ba shi ba, Alhaji na cewa an ba shi. Ba yunwa ce ta fi yawa a labarin mutumin nan ba. Jaridu sun yi ta ruwaito cewa a shekarunsa na ƙarshe ya janye daga mutane, wasu suka ce ciwon damuwa ne, wasu makusantansa suka musanta. Ni ba zan yi wa mamaci hukuncin ciwo daga nesa ba. Abin da na sani daga aiki shi ne: mutumin da ya saba kullum akwai inda ake jiransa da safe, akwai abokan da zai zauna da su, akwai ranar da dubban mutane za su kira sunansa, in aka wayi gari duk babu, jiki na iya zama lafiya lau amma zuciya ta kwanta. Muna ganin haka ga ma'aikatan da suka yi ritaya, to su a shekara 60 suke barin aiki. Ɗan ƙwallo kafin 40 an gama da shi.

Kuma mu a nan mun san yadda muke. Mutum ya fara keɓe kansa, maimakon a zauna da shi a ji damuwarsa, sai a fara raɗa, yara su fara tsokana da a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Saboda wannan gorin mutane da yawa ke ƙin zuwa asibitin, alhali ciwo ne mai magani, likitoci na nan. Talaka ma yana ɓoyewa, balle wanda duniya ta san fuskarsa.

Kawu Direba: Hajiya Allah shi yi maki albarka. Wagga magana ta shige ni. Ranar da niɗ ɗauke ƙahwa ga tuƙin babbar mota, sai da nis samu wata da watanni ina tashi da asuba ina laluben makulli.

Baban Khalifa: Anti na karɓa. To amma ai nan ne abokan wasansa ya kamata su shigo. Kuma kowa ya san maganar da aka daɗe ana yi, cewa tun a kofin duniya na 1994 a Amurka wasu suka daina ba shi ƙwallo don kar ya fi su suna.

Malam Lissafi: An daɗe ana faɗi kam, kuma ba za a daina ba. Ni abin da idona ya gani nake riƙewa. Wadda ya ci Bulgeriya a minti na 21, Finidi George ne ya shimfiɗo masa ita yana gaban raga. Bayan nan muka haɗu da Ajantina mai Maradona, sai Girka, sai Italiya, waɗanda tsaron gida ne sana'arsu. Mutumin da ya fi kowa ci a Afirka da Fotugal a shekara guda, kana tsammanin su Maldini za su bar shi ya sake? Da Baggio bai farke ba saura minti biyu a tashi, da yanzu wani labarin muke. In an sha kashi ba a rasa wanda za a ɗora wa.

Kawu Direba: Kar ka tuna man Baggio, Malam. Italiya da mutum goma, an ba Zola jan kati, kuma munka bari. Ranar ko tuwo ban ci ba.

Mai Gidan Kallo: Ni abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayan 1994. Olympiacos bai daɗe ba. Sporting Gijón abin bai yi kyau ba. Ya koma Setúbal, ya je Zürich ya ɗan farfaɗo har aka tafi da shi kofin duniya na Faransa 98, galibi daga benci yake shigowa. Sai Bizerte a Tunisiya, sai Al-Shabab a Riyad, ya koma Africa Sports, ya dawo gida Julius Berger. A 2005, yana da shekara 41, ya sake sa riga a Gateway ta Abekuta. Shekara goma sha ɗaya yana yawo bayan ganiyarsa. Me yake nema?

Alhaji na Kara: Kuɗɗi mana.

Tsohon Gola: Ba kuɗi ba ne Alhaji. Kuɗin me Gateway za ta ba wanda ya ci kuɗin Turai?

Assalamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ban cika magana ba, amma yau dole. Waɗanda suka san ni a filin Giginya na nan Sakkwato sun san ni. Na tsare raga a ƙananan rukunai, na buga wa kulob a nan jihar da wajenta, ban taɓa fita ƙasar waje ba. Abin da Yekini ke nema a shekara 41 na san shi, don ni ma na neme shi. Ba ka san wani abu ba sai wannan. Tun kana yaro da aka ce kana da hannu ka ajiye boko, ka ajiye sana'ar gidanku. Sa'anninka suna koyon kasuwa kana sansani. Ranar da ka dawo gida gaba ɗaya, su sun zama iyayen gida a shago, kai ko farashin kwanon gero ba ka sani ba. Kuma girman kai bai barin ka zauna yaron shago a wurin wanda jiya yake roƙon ka ka shigar da shi fili kyauta.

Amma ina so ku sauko daga kan Yekini kaɗan. Yekini ya ga Turai, ya gina gida, da ya rasu duniya ta ji, aka kai shi Ira a jihar Kwara aka binne, har Google ta sa hotonsa a 2023 ranar da zai cika shekara 60. Ku tambayi labarin ɗan wasan gida. Akwai kulob ɗin da na buga wa, ba zan kama suna ba, kuɗin sa hannu har yau ana bina da gobe. Albashi a biya wata ɗaya a tsallake biyu. Mu kwana a mota a hanyar kudu, mu sauka mu shiga fili. Ranar da gwiwata ta tafi, kulob ya kai ni asibiti sau ɗaya aka ɗaure, da kaka ta ƙare sunana ba ya cikin takarda. Kwantiragin da na sa wa hannu ko kwafi ba a ba ni ba, ban ma san ana nema ba. Mai ɗori ne ya ƙarasa aikin, da kuɗin yayana. Yau in sanyi ya shigo a zaune nake sallah.

Ɗan wasan gida kamar jakin kai ne, ranar da ƙafa ta karye ranar ake sauke masa kaya a ɗora wa wani. Irina muna da yawa a garin nan. Wani na kabu-kabu, wani na gadi, wani na wankin mota. In an ce tsofaffin 'yan ƙwallo, 'yan 94 ake nufi. Mu ba mu cikin lissafi.

Sarkin Zaure: Innalillahi. Gola, wallahi muna gaisawa kullum ban san haka abin yake ba.

Kawu Direba: Na gane ka kana tsaron gida, yaro. Hannunka kamar da danƙo. Allah shi ba ka lahiya.

Alhaji na Kara: Gola, kai naka daban na. Wanda anka hana haƙƙinshi ba shi na nika magana ba. Wanda yac ci guminka Allah ya isa, ko shi wane na.

Baban Khalifa: To Alhaji ai ga inda nake nufa tun farko. In babban bango irin Yekini bai samu mai waiwayarsa ba, wa zai waiwayi Gola?

Tsohon Gola: A'a Baban Khalifa, ni juya maganar zan yi. Don ba a gyara na ƙasa ba shi ya sa na sama ma ke faɗowa ba mai tarewa. Da akwai tsari tun daga ƙaramin rukuni, a cire wani abu daga albashin kowane ɗan wasa kulob ya ƙara nasa a ajiye masa, a yi masa inshorar rauni, a hana kulob rajista in yana riƙe da albashin bara, da ba sai an jira wani attajiri ya ji tausayi ba. Christian Chukwu fa, kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Najeriya kofin Afirka na farko a 1980, da ya kwanta ciwo a 2019 sai da Femi Otedola ya ba da dala 50,000 aka fita da shi. Allah ya saka masa. To wanda attajiri bai san sunansa ba fa?

Malam Lissafi: Akwai ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ai. Tijjani Babangida ya shugabance ta, wanda ya buga wa Ajax, ya ci Afirka ta Kudu biyu a Legas a 2000.

Tsohon Gola: Akwai ta Malam, kuma ba na raina ƙoƙarin kowa. Amma galibin kulob ɗin ƙasar nan na gwamnatocin jihohi ne. Yaron da ke jiran a sa shi a wasan Lahadi ba zai kai ƙarar mai ba shi riga ba.

Ɗan Mabera: Yaya Gola ka kashe mini jiki. Ni fa ƙanena na nan ya nace, wani ejan ya ce a kawo kuɗi zai kai shi gwaji Turkiyya. Kullum maganarsa Shehu Abdullahi, ai ɗan garin nan ne kuma ya yi.

Mai Gidan Kallo: Shehu ya yi, ba musu. Amma ka gaya wa ƙanenka ta inda ya bi. Sai da ya buga gasar gida, ya yi suna a Kano Pillars, Keshi ya tafi da shi gasar 'yan wasan cikin gida ta Afirka a 2014 suka zo na uku. Sannan Kuwaiti, Fotugal, Saifurus, Turkiyya. Ya ciwo tagulla a Olamfik ta Rio a 2016, ya je kofin duniya a Rasha a 2018, daga baya ya dawo Pillars. Mataki mataki ne. Kuma ka ƙirga yaran da suka taso tare da shi a filayen unguwa, nawa ka ji sunansu?

Tsohon Gola: Ɗan Mabera, ka ji da kyau. Kulob ɗin da ke son yaro shi ke aiko da takardar gayyata da sunansa a kai. Ejan na gaskiya daga cinikin yake samun rabonsa, ba daga gonar mahaifinku ba. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi tukuna, ku nemi takardar, ku nemi lasisinsa, ku sa wanda ya iya ya tuntuɓi kulob ɗin kai tsaye. Na ga yaran da aka sayar wa gida fili, aka zube su a otal a wata ƙasa, ejan ya kashe waya, biza ta ƙare. Kunyar dawowa ta sa wasu har yau suna can suna aikin ƙarfi.

Abu na biyu, kar ku yarda a rage masa shekaru. Takarda za ta ce 17, gwiwa ta san gaskiya. Ranar da takarda ta ce yanzu ya kai ganiya, jiki ya riga ya gama.

Alhaji na Kara: Ni dai ɗana ba shi yin ƙwallo. Shi zo runhwa shi koyi awo.

Anti Nas: Alhaji in Allah ya ba shi baiwar fa? Ai ba a hana yaro, haɗa masa ake yi. Safe makaranta ko rumfa, yamma fili.

Alhaji na Kara: Hajiya wanda yaɗ ɗanɗani tahi ba shi zama runhwa. Na gwada da ɗan ƙanena.

Malam Lissafi: Ana samu Alhaji. Segun Odegbami da takardarsa ta injiniya ya buga wa ƙasa. Ahmed Musa tun yana ganiyarsa ya gina wuraren wasanni a Kano da Kaduna, bai jira ƙafa ta gaji ba. George Weah har shugaban Laberiya ya zama.

Ɗan Mabera: Malam ƙanena ko shugaban ajinsu bai taɓa zama ba.

Kawu Direba: Ku bar Weah, guda na cikin dubu. Ni maganar Hajiya nika komawa. Mutum ba shi rayuwa shi ɗai. Nan garin ko ba ka da ko sisi, kana da majalisa, kana da masallacin unguwa, in ba a gane ka Asuba da Azahar ba, kahin La'asar an buga ma ƙohwa. Shi Rashidi ya tashi Kaduna, danginshi Kwara, ya yi shekaru Abidjan da Turai, yaz zamna Badun. Ko'ina an san sunanshi, amma wa ka buga mashi ƙohwa?

Baban Khalifa: Kawu ai mutanen Badun ma suna da unguwa da masallaci. Kuma an ce har ƙarshe yakan je filin wasa na garin ya motsa jiki, mutane na ganinsa.

Kawu Direba: Gani daban, zama da mutum daban. Mai suna kowa na ganinshi, kowa kuma na jin nauyin tambayarshi lahiya.

Tsohon Gola: Kawu ya faɗi gaskiya, amma kar mu yabi kanmu da yawa. Ni a garin nan nake, a majalisar nan nake zama, Sarkin Zaure yanzu ya ce bai sani ba. Ba laifinsa ba ne, ni ban faɗa ba. Namiji ba ya son a ce ya kasa.

Sarkin Zaure: To tunda ka faɗa yanzu, ba za mu tashi haka ba. Ina ba da shawara a yi karo-karo a kai Gola ya ga likitan ƙashi. Anti Nas za ta san hanya. Wanda ya amince ya ɗaga hannu.

Alhaji na Kara: A rubuta ni na hwarko.

Ɗan Mabera: Alhajin da ya ce kowa tasa ta fisshe shi?

Alhaji na Kara: Kai ka ji da ejan ɗinka.

Tsohon Gola: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Amma gwiwar nan ta daɗe, mun saba da juna. In da gaske kuke, ina da yara da nake horarwa da yamma a filin makarantar unguwarmu, ƙwallo biyu gare mu, ɗaya ma ɗinki ne ya riƙe ta. Ba mu da akwatin magani, yaro ya ji ciwo sai dai ruwan leda. Ku sa kuɗin a nan.

Anti Nas: Ba zaɓi aka ba ka ba Gola, duka biyun za a yi. Akwatin magani ni zan haɗa, bandeji da aidin da sauransu ba su da tsada. Gwiwa kuma sai an ɗauki hoto kafin kowa ya ce ta daɗe. Ranar Litinin kar ka karya da wuri ka ce ka manta, maigida zai biyo ya ɗauke ka.

Mai Gidan Kallo: Ƙwallo kuma a bar mini, akwai mai kawo mini daga Kano. Gola, lamba biyar kuke bugawa ko huɗu?

Tsohon Gola: Biyar ga manyan, huɗu ga ƙananan. A samo mai fata mai kauri, filin namu tsakuwa ce.

Ɗan Mabera: Yaya Gola, in turo maka ƙanen nawa gobe ka duba shi? In ba shi da ƙafa ka gaya masa da kanka, ni ba ya jin tawa.

Tsohon Gola: Turo shi bayan La'asar. Ya zo da takardar da ejan ɗin ya ba shi in gani.